Wa Ya Kai Ƙasusuwan Cikin Kogo? Daga Sterkfontein Zuwa Iho Eleru

Wata ranar Asabar bayan sallar la'asar, a gefen abbatuwar Oko-Oba da ke Agege, na miƙa wa wani dattijon mahauci wayata domin ya duba hoton wani ɓallin ƙoƙon kai mai ƙananan huji biyu a bayansa. Ban gaya masa ko na mene ne ba, ban kuma faɗi inda aka samo shi ba. Ya daɗe yana kallo, ya sa babban yatsa da manuni ya gwada tazarar da ke tsakanin hujin biyu a kan gilashin wayar, sannan ya ce, "Malam, wannan ba aikin wuƙa ba ne, ba kuma na gatari ba. Wuƙa tsagawa take yi, gatari kuwa farfasawa. Wannan haƙori ne, kuma fiƙoƙi biyu ne suka shiga tare." Na ce, "Baba, ka tabbata?" Ya ce shekararsa arba'in yana fawa, idan har bai iya raba bakin kare da bakin wuƙa a jikin ƙashi ba, to me ya koya?

Ƙoƙon kan na wani yaro ne daga cikin wasu halittu masu kama da mutum, masu tafiya da ƙafa biyu, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 1.5 da suka shige, an kuma haƙo shi a kogon Swartkrans da ke Afirka ta Kudu. An yi zamanin da wasu marubuta suka ɗauka ɗan'uwansa ne ya soke shi sau biyu da makami mai tsini. Wannan ƙaramin ɓalli yana ɗauke da dukan matsalar da nake son warwarewa. Duk sa'ad da aka ba da labarin an gano kogo mai ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya tare da na mutanen farko, abin da ke zuwa zuciyar mai sauraro shi ne wasu mutane zaune a cikin kogon, sun kewaye wuta, suna cin naman da suka farauto. Dalilin haka a fili yake, domin kogo a tunaninmu mafaka ne: da shi muka san Ashabul Kahfi, da shi muka san Hira da Saur. Amma a tsofaffin kogwannin Afirka ta Kudu, samun ƙasusuwa iri biyu a wuri guda bai isa ya nuna cewa wani ya zauna a wurin ba, balle a ce shi ya ci sauran. Tambayar da mai bincike ke fara yi ita ce: wane ne, ko mene ne, ya kawo ƙasusuwan nan? Sauran tambayoyin duka, har da ta yawan shekaru, a jikinta suke rataye.

Yankin da ake magana a kansa yana kimanin kilomita 50 arewa maso yammacin birnin Johanasbag. A 1999 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, kuma laƙabin da aka fi saninsa da shi yana nufin abin da za mu kira zanen goyon 'yan Adam. Ƙarƙashin ciyawar wurin akwai wani dutse dangin dutsen farar ƙasa, wanda ya kwanta a ƙasan wani teku marar zurfi kimanin shekara biliyan 2.5 da suka wuce. Ruwan sama yana da ɗan tsami da yake ɗaukowa daga iska da ƙasa, kuma idan ya daɗe yana bin tsagogin irin wannan dutse sai ya narkar da shi sannu a hankali, har a sami manyan ɗakuna cike da ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Bayan zamani mai tsawo ruwan ya ja baya, rufin ɗakin ya tsage, sai wani rami mai kama da rijiya ya buɗe daga sama. Ta wannan rami ne turɓaya da tsakuwa da karmami da ƙasusuwa suke zubowa, suna taruwa tsibi guda kamar hatsin da ake zubawa a rumbu ta bakinsa na sama. Ruwan da ke ɗigowa daga rufi kuma yana ɗauke da farar ƙasar da ya narkar, sai ya ɗaure tsibin ya mai da shi kamar kankare. Wannan farar ƙasa ita ce ke kare ƙashi daga ruɓewa har ya zama dutse. Wanda ya fahimci wannan siffa zai ga cewa yawancin waɗannan wurare, a zamanin da ƙasusuwan ke taruwa, sun fi kama da rijiya ko tarko fiye da ɗakin kwana.

Ba masana ne suka fara buɗe su ba. An gano zinariya a yankin Johanasbag a 1886, tace ta kuma tana buƙatar farar ƙasa mai yawa, sai mahaƙa suka bazama cikin duwatsun da nakiya suna ɓalle farar ƙasar da ta daskare a kogwanni suna ƙonawa. Kankaren mai ƙasusuwa ba shi da amfani a wurinsu, gefe suke jibge shi. Abin da ya salwanta a wannan aiki yana da yawa ƙwarai, amma gaskiya ita ce ta hannun waɗannan mahaƙa ne aka fara ganin abin da ke ciki. A 1924, daga wata mahaƙar farar ƙasa a Taung, can nesa da Johanasbag, aka aika wa Raymond Dart, malamin ilimin sassan jiki a Jami'ar Witwatersrand, akwatunan duwatsu. A ciki ya sami fuskar wani yaro ɗan kimanin shekara 3, ya kuma lura cewa ramin da laka ke bi ta shiga ƙoƙon kai yana ƙasa, kamar na halittar da kanta ke zaune a kan jiki tsayayye. A 1925 ya sanar da shi da sunan Australopithecus africanus. Manyan masanan Ingila suka ce ɗan biri ne kawai, kuma daga cikin abin da ya rufe musu ido akwai ƙoƙon kan Piltdown, wanda sai a 1953 aka tabbatar jabu ne, an haɗa kan mutum da muƙamuƙin biri. Wanda ya tsaya wa Dart shi ne Robert Broom, wani likita ɗan asalin Sikotilan, wanda a watan Agustan 1936, yana da shekara 69, ya sami babba na farko na irin wannan halitta a kogon Sterkfontein daga hannun mai kula da mahaƙar wurin. Ranar 18 ga Afrilun 1947 shi da mataimakinsa John Robinson suka fasa dutse da nakiya, sai ga ƙoƙon kai kusan cikakke, wanda ake kira Misis Ples, mai ƙwaƙwalwa kimanin kashi ɗaya cikin uku na tamu. Daga 1966 aka kafa haƙa na dindindin a Sterkfontein, kuma wannan kogo shi kaɗai ya ba da gutsattsarin ƙasusuwan irin waɗannan halittu sama da 500.

Wannan adadi kaɗan ne idan aka kwatanta da ƙasusuwan dabbobi, waɗanda suka kai dubbai masu yawa, kuma a ganina su ne shaidun da aka fi yi wa rashin adalci a labaran da ake bayarwa. Akwai Megantereon, dangin damisa mai dogayen fiƙoƙin sama masu faɗi kamar wuƙaƙe. Akwai Dinofelis, shi ma dangin damisa, wanda girmansa ke tsakanin damisa da zaki. Akwai wata kura mai dogayen ƙafafu, Chasmaporthetes, wadda jikinta ya nuna da gudu take kama nama, saɓanin ƙirar kurar da muka sani. A Swartkrans an sami wani ƙaton gwaggon biri da ya fi na yau girma, da ƙaton mugun dawa, da wani dangin doki mai yatsu uku a kowace ƙafa. Babu ɗayansu da ya rage a doron ƙasa. Amfaninsu ya wuce ban mamaki, domin su ne ke faɗin yadda ƙasar take. A tsohon sashen Sterkfontein an sami itacen da ya zama dutse, cikinsa har da na tsire-tsire masu nannaɗe manyan bishiyoyi, tare da birai masu zama a kan itace, wanda ke nuna akwai kurmi a bakin ruwa a wurin da yau ciyawa ce ta rufe shi. A sassan da suka biyo baya kuwa, dabbobi masu kiwon ciyawa dangin kanki suka ƙaru, alamar ƙasar ta ƙara bushewa, fili ya buɗe.

A nan ne gizo ke saƙa. Bayan yaƙin duniya na biyu Dart ya mai da hankalinsa kan wani kogo mai suna Makapansgat, inda ya tantance gutsattsarin ƙasusuwa sama da 7,000, yawancinsu na dangin barewa. Ya lura da wani abin ɗaure kai: muƙamuƙai sun yi yawa, ƙasusuwan wutsiya kusan babu, kuma a ƙashin damtse, kan da ke wajen gwiwa ya ninka kan da ke wajen kafaɗa kusan sau goma. Sai ya yanke hukunci cewa zaɓe aka yi. A cewarsa waɗannan halittu mafarauta ne, suna kawo sassan da za su yi musu makami, muƙamuƙi ya zama zarto, ƙashin damtse ya zama kulki, ƙaho ya zama mashi, har suna kashe junansu da su. Marubuta suka ɗauki wannan ra'ayi suka yaɗa shi a duniya, aka wayi gari mutane da yawa sun gaskata cewa kisa ne tushen ɗan Adam.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne C. K. Brain, wani masanin tsofaffin ƙasusuwa na Afirka ta Kudu, kuma hanyar da ya bi ita ce ta sa na je wurin mahauci da hoton nan. A shekarun 1960 ya tafi ƙauyukan makiyaya da ke bakin kogin Kuiseb a hamadar Namibiya, inda mutane ke yanka awaki su dafa su ci, su fasa ƙashi su sha ɓargo, su jefa wa karnuka saura. Ya tsince ƙasusuwan awaki sama da 2,000 da suka rage a kewayen gidajen ya ƙirga su. Abin da ya samu ya yi daidai da na Makapansgat: muƙamuƙai sun fi komai yawa, wutsiya ta ɓace, kan damtse na wajen gwiwa yana nan, na wajen kafaɗa babu. Alhali babu wanda ya zaɓi komai domin makami a waɗannan ƙauyuka. Bayanin mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya taɓa cin kai da ƙafa ya san shi: wani ƙashin yana da taushi da maiƙo, haƙori na iya tauna shi ya cinye, wani kuma tauri gare shi, sai dai a gaji a yar. Abin da ya rage a kogo shi ne abin da ya gagari haƙori da rana da ruwa. Da na bayyana wa Baba wannan sai ya ce ai ko yaron da ke wanke kayan ciki ya san kan damtse na sama shi kare ke fara ci.

Daga 1965 Brain ya shafe sama da shekara 20 yana haƙa a Swartkrans, wanda ke kimanin kilomita 1 daga Sterkfontein. Ya ɗauko ƙoƙon kan yaron nan, ya auna tazarar hujin biyu ya sami milimita 33, ya ɗauko muƙamuƙin wata tsohuwar damisa da aka haƙo a kogon, sai fiƙoƙinta na ƙasa suka zauna daram a cikin hujin. Wannan bai nuna cewa ita ce ainihin damisar da ta kashe shi ba, ya dai nuna irinta ce ta kama kansa a baki ta ja shi. Sauran bayanin kuma ɗabi'ar damisa ce ta cika shi. Damisa takan hau bishiya da abin da ta kama domin kada kuraye su ƙwace, kuma a wannan fili mai ciyawa, bishiyoyi sun fi tsirowa a bakin ramukan kogo, inda akwai laima da kariya daga gobarar daji. Tana ci a sama, ƙasusuwa na faɗawa cikin rami. Da haka hoton ya juye gaba ɗaya: wanda aka ɗauka mafarauci ne, ashe shi ake farauta.

Damisa ba ita kaɗai ke tara ƙashi ba, kuma kowane mai tarawa yana barin sa hannunsa. Kura takan ja ƙashi zuwa raminta ta farfasa, wanda ta haɗiye kuma ruwan cikinta yakan cinye fuskarsa. Beguwa takan kwaso busassun ƙasusuwa ta riƙa gurgura domin wasa haƙoranta, tana barin faffaɗan layuka masu kama da aikin kurfi. Mujiya takan kwana a bakin kogo ta amayar da dunƙulen gashi da ƙasusuwan ɓeraye, waɗanda ke taruwa dubbai a ƙasa. Shi kansa yaron Taung, binciken da aka yi daga baya ya sami alamun farce a cikin kwarmin idanunsa irin waɗanda manyan gaggafa ke bari a kan birai, dabbobin da aka samu tare da shi kuma yawancinsu ƙanana ne, daidai abin da tsuntsu zai iya ɗauka.

Akwai kuma wanda babu abin da ya kawo shi sai faɗawa. A 1994 wani masani mai suna Ronald Clarke yana bincika akwatunan ƙasusuwan dabbobi da aka tsinto daga jujin mahaƙa a Sterkfontein, sai ya ga ƙananan ƙasusuwan ƙafa guda 4 da ya gane ba na dabba ba ne. A 1997 ya ƙara samun wasu a akwatin da aka rubuta wa sunan birai, cikinsu har da guntun ƙashin ƙwauri mai sabon karaya, irin wadda nakiya ke yi. Ya yi tunanin sauran jikin yana nan maƙale a dutse. Ya ba abokan aikinsa biyu, Stephen Motsumi da Nkwane Molefe, kwafin guntun, suka shiga wani ɗaki mai duhu da zurfi da fitilun hannu suna bin bango, kuma cikin kwana 2 suka sami wurin da guntun ya haɗu da ɗan'uwansa. Ina ganin ya kamata sunayen mutanen nan biyu su zauna a bakinmu kamar yadda na Turawan suka zauna. Fitar da gawar daga kankaren da tsabtace ta ya ci kimanin shekara 20, sai a watan Disambar 2017 aka nuna ta ga jama'a. Ana kiranta Little Foot, wato Ƙaramar Ƙafa. Mace ce da ta manyanta, tsawonta kimanin santimita 130, an kuma sami sama da kashi 90 cikin 100 na ƙasusuwanta. Cikar jikin ita ce hujjar cewa ba mai cin nama ne ya kawo ta ba, domin da damisa ce ko kura, da ba a sami yatsu da haƙarƙari a jere ba.

Sai batun shekaru, inda masu karatu suka fi yin tababa, kuma suna da hakkin su tambaya. Awon kabon da aka fi ji, wanda ake gane shekarun tsohon ƙashi ko gawayi da shi, ba ya aiki a nan, domin iyakarsa kimanin shekara 50,000 ce. A gabashin Afirka an yi sa'a, tokar duwatsu masu aman wuta ta kwanta shimfiɗa bisa shimfiɗa, ana iya auna shekarun kowace, da haka aka san cewa Lucy, wata daga irin waɗannan halittu masu tafiya da ƙafa biyu wadda aka samu a Habasha a 1974, ta kai shekara miliyan 3.2. Kogwannin kudu ba su da irin wannan toka, don haka aka fara da dabbobi: idan an ga irin alade ko biri a kogo wanda aka san zamaninsa a gabas, sai a ce zamaninsu ɗaya. Daga baya aka sami hanyoyi biyu na awo kai tsaye. Ta farko tana duba farar ƙasar da ta daskare tsakanin shimfiɗu, domin tana ɗauke da ɗan yuraniyom wanda ke rikiɗewa ya koma darma bisa ƙa'idar da aka sani. Ta biyu tana duba tsakuwar da ta faɗa kogon. Muddin tsakuwa na sarari, wani haske mai ƙarfi da ke zuwa daga sararin samaniya yana haifar da wasu nau'o'i biyu na alminiyom da beriliyom a cikinta, amma da zarar ta nutse cikin kogo sai haifarwar ta tsaya, su biyun su riƙa raguwa, ɗaya na raguwa da rabi a kimanin shekara 700,000, ɗayan a kimanin miliyan 1.4. Bambancin da ke tsakaninsu shi ke nuna tun yaushe aka binne ta.

Da wannan hanya ta biyu aka ba Ƙaramar Ƙafa shekara miliyan 3.67 a 2015, kuma a 2022 aka ce sashen da Misis Ples ta fito ya kai miliyan 3.4 zuwa 3.6, alhali awon farar ƙasa ya ba shi tsakanin miliyan 2 da 2.6. Masu tsohon adadi suka kafa hujja da ƙasusuwan jakin dawa irin na yau, wanda bai shigo Afirka ba sai kimanin shekara miliyan 2.3 da suka wuce, da kuma haƙoran birai. Masu sabon adadi suka amsa cewa farar ƙasar daga baya ta kutsa cikin tsagogi, ƙasusuwan jakin dawan kuma daga wata shimfiɗa ta sama suka gauraya lokacin haƙa. Tsugune ba ta ƙare ba har yanzu. Abin lura shi ne saɓanin duka a kan abu guda yake, wato wane dutse ne yake tare da wane ƙashi tun asali, domin tsibin da ke cikin kogo yakan zaizaye, ya rufta ɗakin ƙasa, sabo ya shiga ƙarƙashin tsoho. Ba a kan ko dubbai ne ko miliyoyi ake jayayya ba.

Swartkrans ya kuma adana lokacin da al'amari ya fara sauyawa. A shimfiɗarsa ta kimanin shekara miliyan 1 da suka wuce, Brain da abokin aikinsa sun sami gutsattsarin ƙasusuwa 270 da suka ƙone, wasu da zafin da ya fi na gobarar ciyawa, tare da kayan aiki na dutse da ƙasusuwa masu gogaggen baki waɗanda ake ganin da su ake tonon saiwa ko fasa suri domin cin gara. A kogon Wonderwerk da ke can yamma an sami toka da ƙonannen ƙashi na kusan wannan zamani a can cikin kogo, inda gobarar daji ba ta kaiwa. Daga irin wannan lokaci ne hoton masu zama a bakin kogo kusa da wuta ya fara samun hujja.

Kogon da ya fi rikita masana kuwa shi ne wanda dabbobi suka yi ƙaranci a cikinsa. A watan Satumbar 2013 wasu masu sha'awar shiga kogwanni biyu suka bi wata siririyar tsaga a kogon Rising Star, kusa da Sterkfontein, wadda a wani wurin faɗinta santimita 18 ne kacal, suka sauka wani ɗaki da ƙasusuwa ke warwatse a ƙasa. Masana mata 6 masu ƙaramin jiki ne suka yi haƙar ƙarƙashin jagorancin Lee Berger, aka fitar da gutsattsari sama da 1,500 na mutum 15 aƙalla, jarirai da matasa da tsofaffi. A 2015 aka ba su suna Homo naledi, kalmar naledi kuma tauraro take nufi a harshen Sesotho. Ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, ba ta kai rabin tamu ba, amma awon 2017 ya nuna sun rayu tsakanin shekara 236,000 da 335,000 da suka wuce. A ɗakin babu ƙashin barewa, babu alamar haƙorin damisa, sai 'yan ƙasusuwan mujiya da ɓeraye. Masu haƙar suka ce 'yan'uwansu ne ke kawo gawa, a 2023 ma suka ce kabari suke tonawa. Masana da yawa da suka duba hujjojin sun ce ba su isa ba. Ra'ayina shi ne rashin dabbobin abu ne na gaske da ke neman bayani, amma maganar kabari da'awa ce babba, kuma labarin Dart ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da bayanin da ya fi daɗin ji.

Na san tambayar da ke zuciyar mai karatu, domin an yi mini ita a majalisa a Agege, an kuma yi mini a Idi-Araba: ina matsayin Annabi Adamu, Alaihis Salam, a wannan lissafi? Ƙasusuwan nan suna nan, ana taɓa su, ana auna su, masu su kuma sun yi tafiya da ƙafa biyu. Masana kimiyya suna ɗaukar su dangin kakannin mutum ta fuskar jiki, suna kuma saɓani a kan wanne ne kaka, wanne ne reshen da ya yanke. Ƙashi ba ya faɗin wanda aka busa wa ruhi aka ɗora wa amana, wannan fage ne na malamai, kuma ya dace su shige shi bayan sun san abin da aka tono. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a share maganar da cewa ƙaryar Turawa ce, alhali a ƙasar Afirka ake tonowa, 'yan Afirka na cikin masu tonowa, aya ta 20 ta Suratul Ankabut kuma ta umurce mu da mu yi tafiya a cikin ƙasa mu duba yadda aka fara halitta.

Da na gama yi wa Baba bayani sai ya ce, "To, Malam, mu a ƙasarmu babu irin wannan ne?" Akwai, kuma daga tashar Ojota tafiyar 'yan sa'o'i ce. Kusa da ƙauyen Isarun, a yankin Akure ta jihar Ondo, akwai wata inuwar dutse da ake kira Iho Eleru, wato kogon toka da Yarbanci, wadda aka daɗe ana rubutawa Iwo Eleru. A 1965 Thurstan Shaw na Jami'ar Ibadan ya haƙa wurin, ya sami ƙananan kayan aikin dutse kimanin rabin miliyan, da gawar mutum guda da aka binne. Wannan kam mazauni ne na gaske, da tokarsa da gawayinsa. Dabbobin da aka samu irin na yau ne, ɓauna da gada da aladen daji da gafiya da kunkuru, kuma haƙar da aka sake yi a 'yan shekarun nan ta nuna mazauna wurin sun daɗe suna cin atili, daga baya kuma kwakwar manja. Binciken 2011 ya ba gawar kimanin shekara 13,000, ya kuma nuna ƙoƙon kan dogo ne mai kwantaccen goshi, ya fi kama da na mutanen da suka riga shi da dubban shekaru masu yawa fiye da na mutanen yankin a yau. Yana cikin tsofaffin ƙasusuwan mutum da aka sani a yammacin Afirka baki ɗaya.

Ƙarancin irinsa ba ya nufin yankinmu kango ne a da. Ƙasar kurmi tana da tsami da laima, tana cinye ƙashi cikin ƙanƙanen lokaci, sai wanda ya dace da busasshiyar inuwar dutse ko farar ƙasa ke tsira. Dutsen farar ƙasa kuwa muna da shi, daga Ewekoro a hanyar Abekuta, inda ake ganin bawon halittun teku a jikinsa, zuwa Mfamosing kusa da Kalaba, zuwa Kalambaina a Sakkwato. A ƙasar Sakkwato ma an haƙo wani ƙaton dabbar teku da aka raɗa wa sunan Goronyo, Goronyosaurus, wanda ya ƙare kimanin shekara miliyan 60 kafin masu tafiya da ƙafa biyu su bayyana. Su waɗannan duwatsu sun girmi mutum nesa ba kusa ba, amma ramukan da ruwa ke ci a jikinsu suna iya cika da abin da ya faɗa daga baya, kamar yadda aka yi a Sterkfontein. Ƙoƙon kai guda bai isa a gina tarihin yanki a kansa ba, ana buƙatar na biyu da na uku, kuma wanda zai fara ganinsu mai yiwuwa lebura ne a mahaƙar dutse, ko mai haƙa rijiya, ko mai tonon harsashin gini, sana'o'in da 'yan'uwanmu suka cika a Legas da Ogun. Wanda ya ci karo da ƙashi maƙale a dutse ko a ƙasa mai zurfi, abin da ya fi amfani shi ne ya bar shi a inda yake, ya ɗauki hotonsa tare da abin da ke kewaye da shi, ya lura da zurfin wurin, ya kai labari gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan. Ƙasusuwan ƙafar Ƙaramar Ƙafa sun yi shekaru a akwatin birai saboda an raba su da mazauninsu, kuma sai da aka koma aka gano ainihin bangon da suka ɓalle kafin a san ko na wace ce da kuma tun yaushe take kwance a wurin.